Sikelin Kakuri

Ranar da na kama aiki a injin shinkafar Hajiya Lantana,
can bayan layin dogo a Kakuri,
an tsayar da ni gaban wani allo a bakin ofis.
Layi uku ne, da koren fenti:
Cika mudu.
Faɗi kuskurenka da bakinka.
Kada ka ci kai kaɗai.
Na yi murmushin wanda ya sha gani.
Inda na baro, allonsu na gilashi ne,
kalmomi goma sha biyu da ruwan zinariya,
kuma wata huɗu muna bin su albashi.

Sikeli aka ba ni.
Buhu ya hau, allura ta tsaya a hamsin,
in ɗaga hannu, Dogara ya ɗinke baki.
Haka har damina ta yi tsakiya.

Wata Laraba, ruwa na dukan kwano kamar ana bin sa bashi,
na sunkuya ɗaukar biro,
sai ga sifanar makanike kwance a bayan faranti,
tun safe ana auna ta tare da shinkafa.
Buhu ɗari biyu da sha ɗaya,
kowanne da ramar kilo guda,
duk suna cikin mota, an ja tamfol,
direba ya riga ya tayar.

Zuciya ta ce: wa ke auna buhu a Kasuwar Barci?
Ta ce: kana da mata, ga haya ta ƙarato.
Dogara ya ga sifanar, ya gan ni.
Bai ce uffan ba.
Basillarsa kawai ya ajiye a kan buhu, ya naɗe hannu.

Matakalar ofis goma sha huɗu ce.
Ranar na ƙirga.

Na same ta tana ɓare dafaffiyar gyaɗa.
Na faɗa, murya na rawa.
Ta ce, buhu nawa?
Na faɗa.
Ta cire tabarau, ta ɗaure gyale a ƙugu,
ta riga ni sauka.

Muka sauke mota har bayan isha'i.
Malam Sidi akawu, mai tsoron ƙura a rigarsa,
shi ma ya sa kafaɗa.
Mai kaya ya kira sau bakwai,
a na takwas ya ce ya fasa.
Na ji ta ce masa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa,
ta sa wayar a jaka, ta ci gaba da riƙe bakin buhu.

Ƙarshen wata na buɗe ambulan ina jiran gibi.
Babu.
Sai wani dunƙulen ƙarfe da ta aje mini a tebur:
kullum da safe ka gwada sikeli da wannan,
ka sa hannu.

Layi na uku kuwa ba a taro na koye shi ba.
Juma'a Dogara ke tsare mini sikeli in tafi masallaci,
in aiki ya kama Lahadi, ni ke riƙe basilla,
ɗinkina karkatacce, yana dawowa yana dariya.
Shekarar da gas ya yi tsada
faranti ɗaya muke kewayewa da azahar,
har da cokalinta a ciki.

Yanzu shekara tara.
Yoyon kwano ya cinye allon,
kalmar mudu kaɗai ke karantuwa,
kuma kullum ana cewa za a kira mai fenti.

Jiya sabon yaro, Nafi'u, wanda bai cika wata biyu ba,
ya zo yana sosa ƙeya:
Oga, na yi ɓarna a wajen lakabi.
Ba wanda ya taɓa karanta masa allon.
Na ce, buhu nawa?
Na miƙe ina naɗe hannun riga.